Gwangwanin Madara a Challawa

Mun tashi da asuba daga Ringim, ni da kawuna, a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Yayana za mu ɗauko. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, yanzu tari ya kwantar da shi, Inna ta ce a dawo mata da ɗanta tun yana gane mutane.

A Kano muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwayar magani. Adaidaita sahu ya bi da mu ta Sharaɗa. Tun kafin mu isa wari ya tarbe mu. Kawu ya toshe hanci da hula, direban yana dariya, wai baƙo ne kawai ke jin sa. Na ga kwata tana kwararar da ruwa shuɗi-shuɗi zuwa kogi, can ƙasa wani yana ban ruwan latas. Tireloli sun yi layi cike da fatu, an ce Turai za a kai su.

Mun samu Yaya a ɗakin haya ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage. A lungun ɗakin ga tarin gwangwanayen madara. Abokin aikinsa ya ce haka ake yi: duk wanda ya wuni cikin sinadari, in an tashi sai a miƙa masa gwangwani ɗaya, wai madarar tana wanke ƙirji. Safar hannu da takunkumi kuwa suna kulle a sito. Ranar da Turawa masu saye za su zo dubawa ake raba su, da sun juya baya a karɓe.

Da ƙyar muka lallashe shi zuwa asibiti. Likitar ta daɗe tana kallon hoton ƙirjinsa, sannan ta ce huhun ya riga ya lalace, madara kuma ciki take zuwa, ba ta taɓa leƙa huhu ba.

Yaya ya dube ni. "Ban taɓa fashin sha ba fa, ƙanina. Ko da azumi da ita nake buɗa baki."

Da magariba muka iso gida, kansa a kafaɗata. Abin da tafiyar nan ta koya min ya karya min zuciya: fatar akuya ta fi mai jeme ta gata, don ita ana tsallako teku a duba lafiyarta.

A zaure Inna ta riƙo hannuna, ta tambayi abin da likita ta ce. Na ce mata an ce ya huta.