Tarin da na yi saboda Rakiya

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba. Mu uku ne a ɗakin, a masaukin mata na Al Wukair: ni mai kula da masu sharar filin jirgi, Rakiya 'yar Zangon Kumasi wadda ta dawo daga hutu a wajen mijinta, sai Mariya abokiyar ɗakinta. Lokacin korona ne, ana ta shirin gasar ƙwallon duniya.

A kamfaninmu, mai ciki tikitin gida ake ba ta. Shi ya sa Rakiya ta haɗiyi ƙwayar zubar da ciki ta farko. Kafin lokacin ta biyun ya yi, ta fasa.

"Inna, ina son abina," in ji ta.

"Jiya na wa ne?"

Mariya ta sa baki. "Akwai maganin da ke riƙe shi, Inna. Wani a unguwar Najma yana da shi."

"Wanda ya ba ku na zubarwar?"

Ta sunkuyar da kai.

"Madalla. Kantinsa ya cika."

Ban yi boko ba, amma na ga abin da jini ke yi wa mace. Na kai ta asibiti. Likitar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce maganin irin sinadarin da jikin mai ciki ke yi ne, ba a tabbatar yana warware ƙwayar farko ba, kuma mai tsayawa a tsakiya na iya zubar da jini sosai. Ta ba ta maganin, ta ce ta kwanta, kada a bar ta ita kaɗai.

Kwanciya kuwa ba ta cikin dokarmu, sai ga mai tari. Ita ake ba ɗaki da abinci, ba mai tambaya. Na gaya wa Madam, shugabarmu, Rakiya na tari.

"Khalas, shi ke nan, a killace ta."

Cikin ya zauna. Likitar ta ce ba za ta rantse maganin ne ba. Da cikin ya fito fili, aka ba Rakiya tikitinta. A Kumasi ta kalli ƙwallon, da goyo.

Ku da kuka zo bayanmu, abin da na koya ke nan: kamfani ba ya jin kuka, tari yake ji. Shi ya sa washegarin killacewar, da na tuna ba mai kwana da Rakiya, na je gaban Madam, na sauke takunkumin fuska, na yi tari sau biyu.