Kifin da Na Aika wa Surukata

Ni mutumin tudu ne. A garinmu ruwan da ya fi kowanne girma shi ne kududdufin bayan makaranta, shi ma da rani ya yi sai ya ƙafe. Karatu ya kawo ni Makka, karatun ya ƙare ban koma ba, na sami aikin tafinta, na auri 'yar unguwar Mansur wadda kakanninta suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. A shekarar farko ta aurenmu ba ni da wani buri da ya wuce in burge surukata.

A Jarwal aka haife ta, tun kafin otal-otal su cinye unguwar. Mace ce marar yawan magana, in ta kalle ka sai ka fara tuno laifuffukanka. Ina jin nauyinta ƙwarai. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, in kuma zan ba ta wani abu sai in ba matata ta miƙa mata. Wata rana bayan hajji, gari ya yi sauƙi, na ji ta ta bayan labule tana cewa shekara sittin tana soya kifi amma ba ta taɓa ganin yadda ake kama shi ba. Ban tsaya tunani ba, na ce ai wannan mai sauƙi ne, zan ɗauki hayar jirgin ruwa a bakin tekun Shu'aiba mu je mu wuni. Matata ta dube ni ta ce, "Kai da ko motar haya ta yi gudu sai ka riƙe ƙofa?" Na ce mata ta zuba ido kawai.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya mu uku, rana ba ta yi zafi ba muka isa bakin teku. Jirgin ƙarami ne, da inji a baya da rumfa a tsakiya, ma'aikatansa biyu. Matuƙin, wanda suke kira nahuda, mutumin Yaman ne mai fara'a. Na biyun dattijo ne baƙi, siriri, gemunsa fari tas, shi ke ɗaura ƙugiya, shi ke sa mata jatan lande, shi ke jan igiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Da ya ji muna Hausa sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "A'a, mutanen gida na! Sannunku da zuwa." Ya ce daga Yawuri yake, a cikin sana'ar kamun kifi ya tashi, shekarunsa a wannan teku sun fi ashirin. Daga nan bai sake kirana da komai ba sai "ɗana".

Rabin awa na farko na yi bajinta. Na tsaya a gaban jirgi, iska na kaɗa rigata, ina nuna wa matata tsuntsaye kamar ni na kiwata su. Da nahuda ya kashe inji, jirgin ya fara lilo a wuri ɗaya, sai cikina ya juya. Gumi mai sanyi ya karyo mini, yawu ya cika bakina. Surukata na zaune ƙarƙashin rumfa, taku biyu tsakaninmu. Na san abin da ke tafe, na kuma san in ya faru a gabanta, to zan yi shekara ban iya haɗa ido da ita ba.

Dattijon ya dube ni sau ɗaya. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ɗana, taho baya ka kama mini igiyar ga, ta hi ƙarhina." Ya ja ni bayan injin, ya shanya wata tsohuwar tabarma a kan ƙarfen rumfa wai don rana, ya tsaya tsakanina da mutanen. Na sunkuya na amayar da duk abin da na ci, shi kuwa yana ta buga bokiti a ruwa yana faɗa da igiyar da babu abin da ta yi. Ya wanke gefen jirgin, ya yanka lemon tsami ya ce in tsotsa, ya ce in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, kada in dubi ƙafata. Sau uku muka yi haka a ranar, kuma kowane karo da sabon aikin da yake ƙirƙiro mini.

Ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Zare yana kan yatsansa, yana hira da kai, amma ya san wane kifi ne ya taɓa ƙugiya tun bai fito ba. Ya koya wa surukata yadda za ta saki dalmar da ke bakin zare har ta taɓa ƙasa sannan ta ɗan ɗago, ya durƙusa nesa da ita yana faɗa mata ba tare da ya kai hannu ba. Da ta ciro ƙaramin kifinta na farko na ji dariyarta a fili, abin da ban taɓa ji ba. Gab da azahar shi da kansa ya ciro najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo shuɗi wanda ya fi kowanne tsada a kasuwa, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Ni ko ƙwaya ban kama ba, amma na sauka da mutuncina, kuma na san wanda ya riƙe mini shi.

A bakin gaɓa na yi wautar. Abokan aikina sun gaya mini in an sauka akan yi wa ma'aikatan jirgi ihsani ban da kuɗin haya. Na ba nahuda nasa, ya karɓa ya sa aljihu ya ce mashkur, wato ya gode, shi ke nan. Sai na juya ga dattijon. Zuciyata cike take da godiya, amma akwai son a gani a ciki, ba zan ɓoye ba. Na zaro kuɗi masu kauri, na ɗaga su yadda surukata za ta gani, na cusa masa a aljihun riga kamar yadda ake yi wa masu dakon kaya a tasha, na ce da ƙarfi, "Wannan na aikin da ka yi mini a baya ne, Baba."

Fuskarsa ta canza. Ya goge hannunsa a zanen da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ciro kuɗin, ya kama hannuna ya saka su a ciki ya rufe. Sannan ya yi mini magana da Larabci, ya ce, "Mashkur ya ustaz, na karɓi ladata wurin mai jirgi." Ya juya ya ci gaba da zuba ƙanƙara a kan kifi. Wannan "ustaz" ɗin ya fi mari ciwo. Raina ya ɓaci, na fara cewa a zuciyata wane irin girman kai ne wannan, sai nahuda ya matso ya raɗa mini cewa mutumin yana da iyali da yawa a gida, kuma yana karɓa a hannun kowa, bai san me ya same shi yau ba. Ni na sani. Ya rufa mini asiri a matsayin ɗansa, ni kuma na yi wa abin farashi a bainar jama'a. Na tsaya da kuɗi a hannu, na rasa gaba na rasa baya.

Surukata ce ta yi magana, kuma wannan ne karo na farko da ta yi mini doguwar magana kai tsaye. Ta ce, "Malam, kifin ga duka na wa ne?" Na ce tunda ni na ɗauki haya, nawa ne. Ta ce, "Tayyib. Najil ɗin nika so. Ka ba ni shi kyauta." Na yi wuf zan ɗauko, ta ɗaga hannu ta ce, "Yaushe ka fara miƙa mini abu da hannunka? Ɗiyata kuma ba za ta taɓa ƙarnin kifi da abayarta ba. Ka nemi ɗan aike."

Sai a lokacin na gane inda ta dosa. Na je na rusuna kusa da dattijon na ce, "Baba, don Allah in aike ka wurin surukata da kifin nan?" Ya dube ni, ya dube ta. Sannan ya ɗauko najil ɗin, ya ɗauraye shi, ya shimfiɗa shi a kan tire, ya ɗauka da hannu biyu. Tsakaninmu da ita bai fi taku biyar ba, amma ya yi su a natse. Ya yi sallama, ta amsa. Ya ce, "Hajiya, surukinki ya aiko ni da wanga." Ta duba kifin sama da ƙasa kamar ba a gabanta aka kama shi ba, ta yaba, ta sa mini albarka. Sai ta buɗe jakarta ta ciro kuɗi a dunƙule, ba wanda ya ga ko nawa ne, ta ce, "Ga tukuici, Alhaji."

A wurinmu ɗan aike ba ya mayar da tukuici, don mayar da shi raina kyautar ne da wanda ya aiko ta. Dattijon ya san haka, ita ma ta san ya sani. Na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake dannewa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Allah shi ƙara arziki, Hajiya. Lalle an haihe ki cikin manya."

Ya juyo ya sake yin takun nan biyar zuwa inda nake tsaye. Ina jiran in ji da wane harshe zai yi mini magana. Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai ƙarnin kifi ya ce, "Ɗana, saƙonka ya isa. Ta ce ta gode." Maimakon in ba shi haƙuri da baki, sai na riƙe hannun nasa da nawa biyu na sunkuyar da kai.