Almakashin Lumturi

Likita Hekuran, shugaban asibitinmu, ka ci amana, kuma a gaban baƙi ka ci ta. Ni Hajrije nake faɗa. Ban yi makaranta ba, matar ɗana ce ke rubutawa, na kuma gaya mata in ta sassauta kalma ɗaya zan sa maƙwabta su karanta mini.

Ranar bikin haɗin gwiwa da likitocin Italiya da Jamus kan farfaɗiyar yara, ka yi jawabi har kofi ya huce. Ka gode wa baƙi, ka gode wa na'ura, har mai gyaran lasifika ya samu rabonsa. Lumturi kuwa, mai yi wa yaran awon ƙwaƙwalwa, ka tsayar da ita bakin ƙofa tana riƙe wa baƙi rigunan sanyi. Washegari ka ce ta yi ritaya, a rufe ɗakinta, yara su riƙa zuwa Tirana, babban birni.

To bari in gaya wa jama'a wadda ka mayar maratayin riguna.

Kafin mai gasa burodi ya buɗe, Lumturi ta iso. Ta kunna murhu, ta gasa hannuwanta, don hannu mai sanyi firgita yaro yake yi. Sai ta bi kan yaro da gam tana manna wayoyi, na'ura ta zana abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi. Ana son yaron ya yi barci, don haka take rera waƙa. Muryarta kamar tsohuwar ƙofar turken awaki, yara barci suke yi don su tsira. Zanen sai ta tura wa likitocin waje ta kwamfuta, su da namu su tattauna, a zaɓi magani. Abin da suka gano a kan yaranmu ya amfani nasu, nasu ya amfani namu.

Jikata Blerta ba ta daɗe da fara tafiya ba ta soma faɗuwa. Muka ɗaura mata tafarnuwa, muka riƙa cusa mata cokali a baki, muka ɓoye ta kada a ce gidanmu da mugun jini. Da abin ya fi ƙarfinmu muka sauko daga dutse. An gama awo, gam ya cukurkuɗe a gashinta, gashin da ba a taɓa taɓawa ba. Lumturi ta ɗauko almakashi, ƙyas!

Na kurma ihu. "Ke 'yar nan, kin san abin da kika yi? Askin fari ke nan! Mun yi wa mai shagon taya alkawarin shi zai yi!"

"Iya, gam na cire."

"Gam ɗin gidanku! Wanda ya yi wa yaro askin fari ya zama kumbara, ya shiga dangi. Babu aure tsakanin 'ya'yanki da namu, kuma ranar Lahadi ki zo cin abinci."

"Ai maza ake ba wa wannan matsayin, Iya."

"Almakashin ya tambaye ki?"

Ta zo kuwa. Ta ci byrek, gashin fulawarmu mai cuku a ciki, har ta kwance maɓalli, sannan ta ce, "Tunda na zama 'yar gida, ina cokalin nan?" Na miƙa mata, ta jefa shi cikin miya. "Nan ne wurinsa. In ta faɗi, ku kwantar da ita ta gefe, ku kawar da abin da zai ji mata. Magani kuma ko dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa, a ba ta." Da likita ne ya faɗa, da na ce to, in koma ga tafarnuwata. Amma wa ke yi wa kumbara ƙarya?

Labari ya hau duwatsu. Masu ɓoye yara daga baƙon ido suka fara kawo su wurin 'yar gida. Ni dai ina zargin daga baya gam ɗin da gangan yake kamawa, don almakashi ya samu aiki. Maƙwabcina Zenel ya taɓa buga ƙasa ya ce, "Kan ɗana za a aika Jamus? Sun gama da ƙarfin yayyensa da suka je ci-rani can, yanzu ƙwaƙwalwa suke so?" Lumturi ta ce, "Zanen za a aika, Zenel, kan yana nan. Naka ma ba wanda ya nema." Ya yarda. Yau yaron yana makaranta. Blerta ma shekaru ke nan ba ta faɗi ba, sai dai a kan kankara kamar kowa.

Kada ku ce a banza ta samu. Babu bikin da ba ta zuwa, babu makokin da ba ta zama. Ɗanta Ylber ya nemi aure kwari bayan kwari, duk yarinyar da ya nuna sai a ce, "Ƙanwarka ce." Sai da ya je bakin teku ya samo mata.

Lumturi, ke ce mai hannun ɗumi. Ke kika haɗa likitan Jamus da makiyayin da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, kika sa suka saurari juna. Mun gode, Allah ya ja kwana. Waƙar dai ki rage. Ku kuma 'yan mata masu farin kaya, ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan, ku koya.

Na dawo kanka, Likita. Blerta tana da awo a lokacin kaka, kafin a rage mata magani. In aka rufe ɗakin, wa zai sauko da yara zuwa Tirana a hanyar da akuya ma ke addu'a? Rabinsu komawa ɗakin ɓuya za su yi. Baƙin naka me za ka tura musu, hoton jawabinka?

Ka wulakanta kumbara, ka wulakanta dangi, danginta kuwa sun cika duwatsu. Ranar kasuwa muna zuwa ofishinka, kowa da yaronsa. Ka faɗi sunanta da lasifikar nan, ka bar ɗakin a buɗe har ta koya wa wata. Na so a sasanta, a ƙulla zumunta da kai, amma na duba kanka, babu abin da almakashi zai kama. Saboda haka ka fito ka ba mu amsa.