Gadar da Yaya Isufu Bai Haye Ba

Shekarar da aka sallami Baba daga aiki muka bar gidajen kamfani na Akokan muka koma unguwar bukkoki, inda babu famfo babu kuran, wato wutar lantarki. Baba direban wani injiniya Bature ne. Da kasuwar uraniyom ta faɗi, Turawa suka shiga ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Shi Baturen namu da zai tafi ya bar wa yayana Isufu akwatin wasan ɗansa, irin wanda ake jonawa a tele, da kaset ƙwaya ɗaya. Wani ɗan mutum ne a ciki mai riga rawaya, yana gudu yana tsallake ramuka. Yaya ya yi ta fama har ya kai shi bakin wata gada mai zubewa katako bayan katako. Ya fara gwada hayewa ke nan aka ce mu tashi. Telen ta tafi a musayar buhun hatsi. Akwatin kuwa Yaya ya hana kowa taɓawa, ya naɗe shi a tsohon zanen Inna ya tura ƙarƙashin gado.

Lokacin tawaye ne kuma. Da an yi magariba sojoji ba sa son ganin kowa a waje, motar Agadas ba ta tashi sai da rakiya, in ta makara gari duka ya yi tsit. Manya ba su da bakin magana. Baba kan zauna da rediyo a kunne, Inna na tankaɗen abin da bai isa a tankaɗa ba. Mu yara sai wurin Kaka.

Kaka uwar Baba ce, mutuniyar Adar. Fari ya cinye gonarta da awakinta, aka ɗoro ta bisa kamyo, babbar motar kaya, aka kawo mana ita, ba don tana so ba. Har ta mutu ba ta yafe wa garin nan rashin itace ba. "Gari ba icce ko guda, sai dutsi da Nasara," in ji ta, "ga shi Nasaran ma sun gudu." Wutarta ta katakon tsofaffin akwatuna ce da kashin raƙumi, ƴar mitsitsiya, tana tsaronta kamar mai jego. Sanyin hamada kuwa ba shi da kunya. Mukan matsa har gwiwoyinmu su ɗau zafi, bayanmu na kaɗawa.

Yaya ya ƙi haƙura da wasansa. Ya samo kwalin madara ya yanke masa taga, ya zana hanya da ramuka da gadar a doguwar takardar buhun siminti, ya ɗaure ɗan mutum na kwali a tsinken tsintsiya. Ni ce injin. Nakan ɓuya bayan kwalin, hannu ɗaya na jan takarda, ɗaya na riƙe da tsinke, baki na yin kiɗan. Shi kuwa ya harɗe a gaba da abin dannawa na gaske, wayarsa na jan ƙasa. In ya danna, in ɗaga ɗan mutum. Wai! Ko sau ɗaya ban taɓa yin daidai ba.

"Hadiza, ba haka yake tsalle ba! Sai ya ɗan durƙusa tukuna."

Na durƙusar da shi.

"To ina kiɗan? Wa ya ce ki tsaya da kiɗan?"

Wata rana ya ƙwanƙwashe ni a ka, na fasa kuka. Kaka ta ɗago daga wutarta.

"Kai maigida," haka take kiransa don tsokana, "mi ɗiyar ga ta yi maka? Hannu biyu gare ta da baki guda, kana so ta zama injin Nasara? Ku taho nan. Ga wata tatsuniya na tafe, ku ba ta wuri."

"Ta iso lafiya," muka ce, ni ina sheshsheƙa.

Wai a wani ƙauye an yi ƴan mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya, masu lugude a turmi guda. Babbar ta sauke taɓarya, ta tsakiya ta bi, sannan auta. Ita auta ta taɓa karyewa tana ƙarama, ɗorin bai zauna daidai ba, saboda haka taɓaryarta kullum takan ɗan makara. A cikin wannan ɗan jinkirin ne ta tsakiya ke cilla tata sama, ta yi tafi, ta cafe. Luguden ya yi daɗin da ƴan matan gari suka ƙago rawa a kansa, masu goyo na lallashin jarirai da shi. Sai fari ya zo. Gidansu ya watse, kowacce ta bi inda za ta samu abin sa wa baki, turmin ya zauna a kife.

Ana nan uwar maigari ta kwanta ciwo, ta ce ba abin da take so a duniya sai ta sake jin luguden nan. Aljanin da ke zaune a tsamiyar bayan gidan ƴan matan ya sauko. Hannu uku gare shi. Ya ce shekara da shekaru yana saurare, ba bugun da bai haddace ba. Ya ɗauki taɓare uku ya kama daka, tsaf, ba gaba ba baya. Aka leƙa aka tambayi tsohuwa. Ta ce wannan daka ne kawai. Aljani ya tuna da jinkirin auta, ya riƙa jinkirta hannu na uku. Aka sake leƙawa, ta ce har yanzu da saura.

A nan Kaka ta tsaya gyaran wuta, ta bar mu baki buɗe.

"Kun san mi ya ɓace mishi? Jinkirin auta ba guda ba ne. Ranar da hannun ke mata ciwo daban, ranar da ta ƙoshi daban. Ita ko ta tsakiya fuskar ƙanwarta take kallo, ta san lokacin tafi tun taɓarya ba ta tashi ba. Su uku ne, kowacce na jiran ƴar'uwarta. Shi ko hannu uku, kai guda. Wa zai jira?"

Aljani dai ya ƙi saki. Gari ya taru yana kallo, masu shawara na ba da shawara, ya yi ta daka har turmin ya tsage.

"Tsohuwar fa?" in ji Yaya.

"Wa ya sani? Kowa na wurin turmi. Ta ƙare, ku tashi ku ba ni tabarmata."

Muka yi ta dariyar aljani, wawa mai hannu uku. Yaya ya ji kunya na ɗan lokaci, sannan ya sake tura ni bayan kwali.

Kaka ta rasu ba ta sake ganin Adar ba. Da muka samu kuran daga baya, aka warware zanen Inna, akwatin ya ƙi farkawa, zafi da ɓeraye sun gama da shi. Ni lakwal, wato makarantar boko, ta kai ni Yamai, na zama malamar koyar da kwamfuta. Yaya ya zama makanike ya zauna a Akokan, ya ga tashin garin, ya ga kwanciyarsa, har aka rufe ramin haƙar uraniyom aka bar tituna da awaki. Bayan nan ciwo ya kwantar da shi. Matarsa Rabi ta kira ni ta ce in zo, kuma kada in tsaya jiran hutu.

Hanyar nan ta kusa karya ni kafin in isa. Na same shi ya zama ƙashi da fata, idanun ne kawai nasa na da. Bayan gaisuwa ya ce, "Ke da kika yi karatun abin nan, an ce yanzu ana kunna tsofaffin wasanni a kwamfuta. Ina so in haye gadar nan."

Na yi dariya, sai na ga shi bai yi ba.

Samo wasan bai ba ni wuya ba, masu sha'awar tsofaffin kaya sun daɗe da kwafe shi. Na samo manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi akwatin, na sayo abin dannawa. Kiɗan na tashi Yaya ya lumshe ido. Hannunsa bai manta komai ba, wallahi, ya tsallake ramukan nan kamar jiya ya bar su. Ya isa gada, ya danna, ɗan mutum ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. Katakan na zubewa tun bai taka su ba.

Na zauna bincike, ga abin da na gano. Ƙwaƙwalwa uku ce a cikin akwatin nan. Ɗaya na lissafi, ɗaya na zana hoto, ɗaya na sauti, kowacce da saurinta, kuma ƙofa ɗaya suke bi su ɗauko abin da aka ajiye, dole wata ta jira wata. Mai zanen takan ɗan makara in abubuwa sun yi yawa a allo. Waɗanda suka rubuta wasan sun san da wannan nawar, a kanta suka auna zubewar katakan. Kamfanin da ya ƙera akwatin ya mutu tuni, bai bar wa kowa bayanin cikinsa ba, masu kwaikwayo daga waje suke saurare suna kirdado. Kwamfutata ta fi akwatin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita kaɗai ke yin aikin su uku: ta yi na wannan kaɗan, ta ajiye, ta yi na waccan. In ka ce ta bi kowane bugu dalla-dalla, sai ta yi nauyi, kiɗa ya riƙa yankewa. In ka bar ta ta daidaita komai tsaf, wasa ya tafi sumul har bakin gada. Ga allon zamani ma da nasa jinkirin, wanda tsohuwar tele ba ta da shi.

Na ce ba zan yarda ba. Na canza manhaja, na rage sauri, na ƙara, na rubuta wa mutanen da ban sani ba a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, wasu suka amsa da shawara. Wayar sadarwa a Akokan kuwa sai an hau rufin ɗaki. Rabi ta kawo abinci ya huce a gabana. Na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa, kuma tsoro nake ji, don ina ganin yadda abin dannawar ke ƙara yi masa nauyi. Na samo bidiyon wani da ya gama wasan na ce ya kalla, ya kau da kai.

"Ban ce ina son ganin wani ya haye ba."

Wata la'asar na kawo masa sabon gyara. Ya kai tsakiyar gadar, inda bai taɓa kaiwa ba, kiɗa ya sarƙe, ɗan mutum ya faɗa. Ya ajiye abin dannawa a ƙirjinsa.

"Hadiza, a wancan akwatin in na faɗa, na san laifina ne. A wannan ban san laifin wa ba. Na gaji da irin wannan faɗuwar, ita nake yi tun ranar da muka bar gidan kamfani. Rufe shi."

"Yaya, saura kaɗan. Akwai wani abu da ban gwada ba."

"Kullum akwai. Rufe, zo ki danna mini ƙafa."

Muna yara na ɗauka Kaka wawancin aljani take nuna mana. Yanzu tausayinsa nake ji, don na san yadda zuciya ke cewa bugu ɗaya ya rage. Ya ji komai daidai, kuma da niyyar alheri ya sauko, abin ne ba ya kwaikwayuwa da kai guda. Tambayar da Yaya ya yi game da tsohuwar ce ba wanda ya amsa a cikin tatsuniyar, ni kuma ban so a yi mini ita wata rana in rasa abin cewa.

Na rufe kwamfutar na zauna a bakin gado. Ƙafafunsa sun yi sanyi, na sa su a cinyata. Muka yi hirar mutanen da suka bar gari, da waɗanda ƙasa ta rufe, ya yi ta gyara mini sunaye. Haka muka riƙa yi kowace la'asar har Allah ya karɓi abinsa kafin damina. Bai haye gadar ba. Ina riƙe da ƙafarsa lokacin.