Kawu Mai Makulli da Littafi na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Kawu yana yanka makulli a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, wurin da in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, saboda 'yar ƙanwarsa da ya riƙe tun tana shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyarta. Shi bai taɓa aure ba. In an tambaye shi dalili, sai ya ce aure ne ƙofa ɗaya da ta gagare shi.

Yarinyar, wadda yake kira Uwata, ta taso da son karatu kamar ta cinye takarda. Tana ajin ƙarshe a sakandare ta samo wani littafin matasa, labarin duniya bayan ta ƙone, garuruwa sun zama kufai, injuna sun fi ƙarfin masu su, wasu yara sun ɓuya a ramin jirgin ƙasa. Da farko Kawu ya ce shirme ne. Amma kullum da la'asar sai ta zauna a bakin shagon ta karanta masa, shi kuma in labari ya ɗauki zafi sai ya kashe injin yankan, mai jiran makulli ya yi ta jira. Littafin ya ƙare yaran suna tsaye gaban wata ƙofar ƙarfe ba su buɗe ba. Kwana uku Kawu yana mita.

Kafin na biyu ya fito, Uwata ta gama karatun jinya, aiki ya kai ta gari mai nisa. Wata rana aka kawo masa ƙunshi. Littafin ne, da 'yar takarda a ciki: "Kawu, aiki ya sha min kai. Ka karanta, ka gaya min in ya isa a ɓata masa lokaci."

Kawu karatunsa na mai haɗa baƙi ne. Ya sayi tabarau, ya riƙa bin layi da ɗan yatsa, leɓe na motsi. Wata huɗu ya yi a kai, yana rubuta ƙorafinsa a bayan kwalin kwaɗo. Tsakiyar labarin ja take yi kamar danƙo. Jarumar ta cinye shafi sittin tana zaɓe tsakanin samari biyu, jama'a na mutuwa da ƙishirwa. Marubucin kuwa bai san makulli ba ko kaɗan, don an buɗe ƙofar ƙarfen nan da allura kafin ƙiftawar ido.

Sai dai akwai babi na sha tara. Wani tsoho ne ya rage shi kaɗai a gidan rediyo, kullum da safe yana kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai amsa. Kawu ya karanta shi sau biyu. Ranar tun azahar ya rufe shago.

Da ya gama littafin ya kira Uwata a waya sau uku, ba ta ɗauka ba. Sai bayan mako ta kira, muryarta a gajiye. Ya ce ya kammala aikin da ta ba shi.

"Wane aiki, Kawu?"

Da ya tuna mata sai ta yi dariya, ta ba shi haƙuri, ta ce wallahi ta sha'afa. Kawu ya dubi kwalin da ya cika da rubutu, ya kifa shi a kan tebur.

"Bai kai na farko ba, Uwata. Amma ki karanta babi na sha tara."

Ta ce in sha Allah. Wani ya kira ta daga can ciki, ta yi sallama a gurguje.

Washegari ya je wurin mai sayar da littattafai na bakin titi, ya tambaya ko akwai na uku. Mutumin ya ce sai baɗi, kuma an ce ma marubucin ya fara gajiya. Kawu ya ce duk da haka a ajiye masa ɗaya. Ya tsallaka titi ya koma shago, inda wata mata ke jiransa da karyayyen makulli a hannu.