Tsamiyar da Halilu Ya Ƙi Shafa wa Fenti

Da an sallame sallar asuba, Malam Halilu yakan rataya gwangwanin jan fenti a tsohon kekensa, ya nufi dajin ƙauyenmu da ke kan hanyar Lugu. Shi jama'a suka ɗora wa ware itacen sara: wanda ya shafa wa fenti na gatari ne, wanda ya tsallake ya sha. Masu sara suna kiransa Mai Rowar Fenti, kuma wallahi sunan ya bi jiki, don ko ni ya taɓa hana ni gawo. Bana idonsa ya yi rauni, ya ajiye gwangwani.

Wata shekara sara ya zagayo gefen tsohuwar tsamiyar da masu bori suke kai wa fura tun kakanni. Halilu kuwa shi ne ladanin masallacin matasa masu wa'azi, ba ya ga-maciji da bori. Ina tsaye Zaidu, ɗan kasuwar da ke jagorantar matasan, ya tare shi.

"Malam, dama ta samu. Shafa mata ja mu huta."

"Ni ma ban yarda da abin da suka yi can ba," in ji Halilu. "Amma ranar da anka ba ni amanar dajin ga, har da ita anka ba ni, kuma da bakin masu ita. Ku tai ku yi musu wa'azi."

"To, zaɓi ɗaya: lasifika ko tsamiya."

Duk ƙauyen ya san yadda Halilu yake son kiran salla. Sai ya ciro makullin masallaci ya miƙa wa Zaidu. Washegari da wata murya ta tashe mu, sai da na yi ƙwalla.

Malam Halilu, kai ne ka riƙe wa mutane abin da ba ka so, don kawai sun yarda da kai. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wanda zai gaji gwangwanin nan, ya gaji rowar tare da shi.

Tsamiya tana nan, mata na tsintar 'ya'yanta. Halilu yana salla a sahun baya, kuma har yau bai taɓa zama a inuwarta ba.