Karsanar da Ta Yi Jika a Hannun Kotu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da muka kora shanu shida cikin garin Azare zuwa ƙofar kotu. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Asalin maganar karsana ɗaya ce. Baffana makiyayi ne a wajen Giade. Wani dillalin shanu ya gan ta a garken Baffa, ya rantse tasa ce da ta ɓace ran kasuwa, ya kai ƙara. Alƙali ya ce a ajiye ta gidan wani mai unguwa a cikin Azare sai an yanke hukunci. Tun daga ranar Baffa ya daina shiga kasuwa, don ba zai iya jin ana nuna shi ana cewa ga ɓarawon saniya ba.

To, hukuncin ne ya ƙi zuwa. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba a ga fayil ba, jibi a dawo bayan salla. Shekara shida muna sintiri! An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu kam mun dafa, romon ne ba mu gani ba. Ita kuwa karsana ba ruwanta da ɗage shari'a, haihuwarta kawai take yi, har 'yarta ta fari ma ta haihu.

Ni ina koyarwa a firamare lokacin, kuma ba a san ni da haƙuri ba. Na zauna na rubuta takardar koke zuwa hukumar da ke sa ido kan alƙalai. Baffa ya riƙe baki. "Ke 'yar nan, alƙali ake kai ƙara?"

Ashe ana kaiwa. Bayan wata biyu sai ga masu bincike daga Bauchi. Alƙali na ta share gumi yana cewa, "Ranka ya daɗe, ƙaramar magana ce, 'yar karsana ce guda ɗaya."

Babbansu ya ce, "To, a kawo ta mu gani."

Wayyo daɗi! Da gudu na tafi gidan mai unguwa, mayafi na faɗuwa. Muka koro su gaba ɗaya, uwa da 'ya'ya huɗu da jika, masu acaɓa na bin mu da hon. Babban mai binciken ya fito ya ƙirga da yatsa, ya juya ya ce, "Malam alƙali, wacce ce 'yar karsanar a ciki?" Masinjan kotu ya kasa riƙe dariya, sai da ya ɓuya bayan ƙofa.

Baffa ya yi wa uwar kira ɗaya da Fillanci. Saniyar nan ta ratsa mutane ta zo ta sa kanta a kafaɗarsa. Dillali kuwa ko sunanta bai sani ba.

Aka dakatar da alƙalin, wanda aka turo ya gama shari'ar cikin mako biyu, ya mayar wa Baffa shanunsa. Ni har guɗa na yi. Baffa kuwa, ran kasuwa ya sa babbar rigarsa ya shiga, ya gaisa da kowa rumfa-rumfa.

Abin da na koya shi ne, mai hukunci ma akwai mai hukunta shi, amma sai wani ya buɗe baki. Da na rubuta takardar nan tun shekarar fari, da Baffa bai yi shekara shida yana sunkuyar da kai ba.